Takardun kamfaninmu sun fi ƙarfin kabad, wace manhaja za mu saya?

Manaja Sabon Gari: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma na fi son ta waɗanda suka taɓa yi da hannunsu. Kamfaninmu na iri ne da taki da maganin feshi. Ofis yana nan Sabon Garin Zariya, sito ɗaya a hanyar Kano, ɗaya a Giwa. Muna ba manoma iri bashi a Soba da Makarfi da Giwa, su biya bayan kaka. Kowane manomi yana da takardar yarjejeniya, da hoton katinsa, da sa hannun wanda ya tsaya masa. Ga webil, ga rasit, ga baucar biya, ga takardun shaidar iri na NASC, hukumar kula da iri ta ƙasa, ga na haraji. Wasu suna kabad, wasu a kwamfutar akanta, wasu kuwa a WhatsApp ɗin direbobi suke kwana. Alhaji mai kamfanin ya ce kafin damina in kawo masa manhajar da za ta haɗe komai wuri guda. Wasu sun zo daga Legas sun nuna mana abin da suke kira ECM, wato manhajar sarrafa takardun kamfani, sun bar mana farashi da dala. Sunayen da na ji su ne SharePoint, M-Files, Alfresco, Laserfiche da DocuWare. Wanne ya dace da mu? Masu taɓa takarda kullum ba su wuce 30 ba.

Bakano a Zazzau: Wa'alaikumussalam. Manaja, ka buɗe Google Drive ka huta. Ku Zage-zagi komai sai kun kai shi jami'a an yi masa bincike.

Injiniya Samaru: Wa'alaikumussalam Manaja. Rabu da Bakano, shi har yanzu a ledar burodi yake ajiye rasit. Drive wurin ajiya ne mai kyau, amma abin da ka lissafa ya wuce ajiya. Manhajar da ake ce wa ECM aiki huɗu ko biyar take haɗawa: ta karɓi takarda ta sikana ko ta waya, ta liƙa mata bayanai kamar sunan manomi da gari da shekara, ta tsare wanda zai iya gani da wanda zai iya gyarawa, ta bi da ita hannu-hannu har a sa mata hannu, sannan ta riƙe tarihin wanda ya taɓa ta da lokacin da ya taɓa. In kuna da imel na kamfani a kan Microsoft 365, to galibi SharePoint yana cikin kuɗin da kuke biya tuni, mutane da yawa ba su ma san suna da shi ba. Ni daga nan zan fara dubawa kafin in saurari kowane ɗan Legas.

Manaja Sabon Gari: Ba mu da shi Injiniya. Kowa Gmail ɗinsa yake amfani da shi.

Injiniya Samaru: To wannan ita ce babbar matsalarku, ta fi ta kabad. Ranar da akantanku ya ajiye aiki, da imel ɗinsa zai tafi, da duk abin da bankuna da dillalai suka taɓa turo muku. Ko wace manhaja kuka zaɓa, asusun da ke riƙe da ikon komai ya zama da sunan kamfani, lambar wayar da ake turo masa lambar sirri ta zama ta kamfani, Alhaji kuma ya san inda take.

Ɗan Kongo: Da izinin manya. Yaya Injiniya, SharePoint haya ce, duk wata sai an biya kan kowane mutum, kuma lissafin da dala ake yi. Mu ɗauka dala 10 ce kan mutum ɗaya a wata, misali nake bayarwa kawai. Mutum 30 a shekara dala 3,600 ke nan. Kafin Yunin 2023 da dalar banki take wajen naira 460, kuɗin bai kai miliyan 1.7 ba. Da aka saki naira, dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan dala 3,600 ɗin ta koma miliyan 5.4, alhali ba a ƙara maka ko maɓalli ɗaya ba. Akwai manhajoji na kyauta da kowa zai iya ɗorawa a kan kwamfutarsa. Alfresco yana da bugu na kyauta. Akwai Paperless-ngx wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ka zuba masa takardar da ka yi wa sikanin, ya karanta rubutun, ya jera maka. A sayi kwamfuta ɗaya mai ƙarfi a ajiye a ofis, takardunku suna hannunku, babu mai yanke muku don ba ku biya ba.

Injiniya Samaru: Ƙanena, lissafin dalarka daidai ne, ban musa ba. Amma kyautar nan da kake faɗa, manhajar ce kawai kyauta. Kwamfutar da za ta kwana a kunne tana son inbata da batir da sola. Ƙurar hunturu za ta shige ta, zafin Maris da Afrilu zai gasa ta. Sito na Giwa kuma ta yaya zai shigo cikinta in sabis ɗin ofis ya ɗauke? Sannan wa zai kula da ita? Kai ne, kuma kai da zarar ka gama bautar ƙasa Abuja za ka nufa. Alfresco ba wasan yara ba ne, abubuwa da yawa ne ke aiki tare a cikinsa, yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai, in ɗaya ya tsaya sai wanda ya san shi.

Ɗan Kongo: Ai ba dole a ajiye a ofis ba. Ana iya hayar saba, wato kwamfutar da manhajar za ta zauna a kai, a cibiyoyin ajiyar bayanai na Legas, ko wajen Galaxy Backbone a Abuja, a ɗora a can.

Injiniya Samaru: Ka ga ka dawo haya ke nan.

Hajiya Akanta: Ku dakata da gardamar injin, bari in tambayi Manaja abu ɗaya. Me Alhaji yake so ya gani in ya buɗe wayarsa? In abin da yake so shi ne ya san nawa ake bin manoman Soba, buhu nawa ya rage a sito, to wannan ba aikin manhajar takardu ba ne, aikin manhajar lissafi ne irin su Sage ko QuickBooks ko Odoo. Manhajar takardu za ta nuna maka yarjejeniyar da manomi ya sa wa hannu, ba za ta gaya maka saura nawa ya biya ba. Na ga inda aka sayi ɗaya ana zaton ɗayar ce, aka yi ta zargin masu sayarwa alhali ba a tambaye su abin da ya kamata ba. A rarrabe tun yanzu.

Manaja Sabon Gari: Lissafi muna da shi Hajiya, yana tafiya. Abin da ya tayar da maganar shi ne masu odita sun nemi baucoci da webil na wasu tireloli na taki, muka yi ta juye kabad. Na biyu kuma, in manomi ya ce bai karɓi kaya ba, sai an tura yaro Giwa ya nemo takardar.

Hajiya Akanta: Madalla, yanzu ka faɗi ciwon. To abu biyu kake bukata: nemo takarda cikin minti ɗaya, da haɗa kowace bauca da takardun da suka haife ta. Ka rubuta wannan a takarda, shi ne ma'auninka. Kuma ka sani dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 6 daga ranar da aka yi su. Duk manhajar da za ku ɗauka ta iya hana goge takarda kafin wa'adinta, ko da manaja ne ya so gogewa. Ka yi haƙuri Manaja, har da kai nake nufi.

Manaja Sabon Gari: Ba komai Hajiya, ni ma kariya ce a wurina.

Tsohuwar Rajista: Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni aikin rajista na yi har na yi ritaya, fayil da lamba da littafin shiga da fita, kafin kwamfuta ta zo da bayan ta zo. Abin da zan gaya maka Manaja ba zai yi wa masu sayarwa daɗi ba. In ka zuba gero da dawa da masara a haɗe, sabon rumbu ba zai tsince maka su ba. Kafin ka kira kowa, ka zauna da akanta da sitokifa da yaran da ke zuwa ƙauye, ku lissafa irin takardun da kuke da su. Za ka ga ba su da yawa kamar yadda kake tsoro, wataƙila iri goma ne ko sha biyu. Kowane iri ku amsa tambaya huɗu: wa yake haifar da shi, wa yake sa masa hannu, wa ya halatta ya gani, shekara nawa za a ajiye.

Sannan maganar suna. Nan ne ake faɗuwa. Kana da Musa Ibrahim nawa a Makarfi? Ga Sani Abdullahi a kowace unguwa. Wani yaron zai rubuta Muhammad, wani Mohammed, wani Muhd, wani ma Mamman domin haka ake kiransa a gari. Wanda yake da haruffan Hausa a wayarsa zai rubuta Ɗanjuma da lanƙwasa, wanda ba shi da su ya rubuta Danjuma, kwamfuta kuma tana iya ɗaukarsu mutum biyu. Kowane manomi ku ba shi lamba guda wadda ba ta canzawa, a rubuta ta a goshin duk takardar da ta shafe shi, tun daga ƙauye, da biro. Haka kowace tirela, haka kowace bauca. In kun yi wannan, ko manhaja mafi arha za ta yi muku aiki. In ba ku yi ba, ku sayi ta miliyan ɗari, bayan shekara ɗaya za ku dawo nan kuna cewa ba ta da kyau.

Abu na ƙarshe, dole a sami mutum ɗaya da takardu suke wuyansa. Ba yaron kwamfuta ba. Mutum mai tsantseni da ba ya jin kunyar mayar wa direba da webil ya ce lambar ba ta fito ba.

Bakano a Zazzau: Allah ya ƙara girma Mama. Na janye maganar Drive ɗina, amma ban janye ta Zage-zagi ba.

Injiniya Samaru: Abin da Mama ta faɗa shi ne ainihin bambancin manhajojin nan ma. M-Files, na wani kamfanin ƙasar Finlan ne, an gina shi ne a kan cewa ba ka tambayar a wace folda takarda take, sai dai mece ce ita: yarjejeniya ce, ta manomi lamba kaza, ta daminar kaza. Sai ta fito maka ko ta sunan gari ka nema ko ta shekara, ba tare da an yi kwafi biyu ba. SharePoint ma yana iya haka, amma sai an zauna an tsara shi, in ba haka ba mutane folda cikin folda za su yi ta ƙirƙira har a koma gidan jiya. Kuma yana da wata iyaka da ya kamata wanda zai tsara muku ya sani: ɗakin ajiya ɗaya yana ɗaukar miliyoyin takardu, amma in abin da za a nuna a lokaci guda ya wuce 5,000 yakan fara gardama sai an shirya ginshiƙan nema tun farko. Ku da kuke da dubban manoma za ku kai nan da wuri. Ka tambayi duk wanda ya zo maka da SharePoint wannan, in ya yi shiru ka san bai taɓa yin babba ba.

Ɗan Kongo: Paperless-ngx ma da alamomi yake aiki ba folda ba, kuma yana karanta rubutun cikin takarda.

Injiniya Samaru: Yana karanta na bugawa. Webil da direba ya cika da biro a kan sitiyari, kwafi na uku na kabon, babu manhajar da zan yi maka alkawarin za ta karanta shi daidai. Balle manomin da ya rubuta sunansa da ajami. Kuma Paperless ba a gina shi don bauca ta tashi daga kashiya zuwa akanta zuwa Alhaji kowa ya amince ba. In ajiya da nema kawai ake so, na yarda yana da kyau ƙwarai.

Barista Tudun Wada: Na shigo a makare. Abu biyu daga ɓangarenmu. Na farko, kuna riƙe da hotunan katin mutane da lambobin wayarsu, wataƙila har da NIN da lambar asusun banki. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta hau kanku, hukumar NDPC ce ke kula da ita. In bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 doka ta ba ku ku sanar da hukumar. Katin manomi yana yawo a WhatsApp ɗin direba, wannan kaɗai abin gyarawa ne tun kafin a sayi komai. Dokar kuma tana da sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasar waje, saboda haka ku tambayi mai sayarwa a wace ƙasa takardunku za su zauna, ya ba ku amsa a rubuce. Ba haramun ba ne su zauna a waje, amma sai da hujja.

Na biyu, kotu. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda a karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta, amma sai an nuna cewa na'urar tana aiki daidai kuma da ita aka saba yin wannan aikin, a haɗa da takardar shaida daga wanda ke kula da ita. Nan ne tarihin wanda ya taɓa takarda yake da amfani. Duk da haka, yarjejeniyar da manomi ya dangwala wa yatsa, da takardun fili da na sito, kada wanda ya ce muku ku ƙona na asali don an yi sikanin.

Manaja Sabon Gari: Barista, kamar kana ofishinmu. Alhaji cewa ya yi a kwashe kabad ɗin gaba ɗaya a sa kujerun baƙi.

Barista Tudun Wada: Ka gaya masa a rage, ba a kwashe ba. Kwali mai lamba, a ɗaki mai makulli, inda ruwa da gara ba sa kaiwa.

Mai Kemis PZ: Ni abin da ya same mu zan faɗa. Wani kamfani ya haɗa mana manhajar ajiye takardun magani da na dillalai, ta yi aiki lafiya. Da muka ga kuɗin sabuntawa ya yi yawa muka ce za mu koma wani wuri, sai suka ba mu takardunmu a faifai, dubbai, kowace da suna irin na lambobi da haruffa barkatai. Sunan dillali, kwanan wata, lambar kaya, duk suna cikin rumbunsu, suka ce fitar da wannan aiki ne na daban da kuɗinsa. Haka muka ci gaba da biya. Manaja, ka tambayi hanyar fita tun kafin ka shiga.

Injiniya Samaru: Wannan ita ce tambayar da masu sayarwa suka fi ƙi. Kuma ko kamfanin na kirki ne, kamfanonin nan sayensu ake yi. OpenText na Kanada ya sayi Documentum a 2017. Ricoh ya sayi DocuWare a 2019. Hyland ya sayi Alfresco a 2020, ya ƙara da Nuxeo a 2021. Wanda ka ƙulla da shi yau ba lalle shi ne zai turo maka farashi nan da shekara biyar ba. A rubuta a kwantiragi cewa duk ranar da kuka so za a ba ku takardunku a PDF tare da jadawalin bayanansu da Excel zai buɗe, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Kuma kada ku yarda da rubutu kawai, su yi a gabanku ranar gwaji.

Hajiya Akanta: Farashin kuma a ce su kawo na shekara 3 gaba ɗaya: lasisi, tsarawa, koyar da ma'aikata, sabuntawa, da kuɗin ƙara mutum ɗaya. A tambaya ko wanda karatu kawai zai yi, kamar odita, shi ma cikakken lasisi zai ci. In za su yarda a tsaida farashin da naira, wannan ya fi ragin da za su yi maka a shekarar farko.

Ɗan Kongo: To ni dai har yanzu ban ga abin da ya kayar da tawa ba. Duk abin da Hajiya da Mai Kemis suke tsoro, wanda ya riƙe sabarsa ba ya tsoronsa.

Injiniya Samaru: Yana tsoron wani abin. Faifai ya mutu, ko ɓarawo ya shiga, ko ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa. In za ka riƙe da kanka, kwafi 3 ake yi, a kan na'ura iri 2, ɗaya a wani gini daban, kuma a riƙa gwada dawo da shi. Masu haya ma ban ce su kwanta ba, kwandon shara na SharePoint kwana 93 yake riƙe abin da aka goge, bayan nan sai in an yi wani tanadi.

Tsohuwar Rajista: Ku biyun nan ba za ku shirya a rubuce ba. Manaja, gani ya kori ji. Ka ɗebo takardu na gaske, masu datti, daga fayil ɗin gari ɗaya, ka rufe lambobin katin mutane. Duk mai son kuɗinku ya zo ofishinku, ba otal ba, ya zuba su da intanet ɗinku. Sannan ka kira sitokifa, ba mai digiri ba, ka ce ya nemo webil ɗin tirela kaza. Kai ka yi shiru ka duba agogo. Tsofaffin takardu kuma kada ka ce sai an yi musu sikanin duka kafin a fara, ba za ku taɓa gamawa ba. Ku fara da na bana, na baya a riƙa shigar da wanda aka nema.

Manaja Sabon Gari: Na gode Mama, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage mini. Yaranmu da ke rajistar manoma, akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Ya za su yi?

Injiniya Samaru: Ka sa shi cikin gwajin. A ɗauki waya irin wadda yaranku suke riƙewa, ba ta mai sayarwa ba, a kashe data, a ɗauki hoton yarjejeniya, a sa lambar manomi, a rufe manhajar, sannan a kunna data a ga ko ta hau da kanta. Wasu suna yi, wasu sai su nuna maka alamar juyawa har batir ya ƙare. A duba kuma kada hoton ya zauna a cikin hotunan wayar yaron, don maganar Barista.

Ɗan Kongo: Manaja, in ka yarda ni ma a ba ni takardun gwajin. Zan ɗora Paperless a tsohuwar kwamfuta in kawo, kyauta, a jera ni da 'yan Legas ɗin.

Injiniya Samaru: Ka zo da inbatarka.

Manaja Sabon Gari: Ka zo, amma sai bayan na gama lissafin da Mama ta ce. Hajiya, in na turo miki jerin irin takardun ta akwatin sirri, za ki duba mini wa'adin ajiyar kowanne?

Hajiya Akanta: Turo. Na lissafi da na haraji zan duba, na ma'aikata da na yarjejeniya ka kai wa Barista.